Tafiya Tare da Allah Kowace Rana: Nazari a Kan Zaman Tsarki

Duk wanda ya taɓa shigowa birnin Katsina ta hanyar Dutsin-ma ya san Ƙofar Kwaya. Ta nan motocin Dutsin-ma da Kurfi da Batagarawa suke shigowa, ɗauke da buhunan gero da dawa, da awaki, da majinyata, da 'yan makaranta. Tana ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin, tare da Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Yandaka, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa. A zamanin da akan rufe ƙofofin nan da dare, akwai kuma sarkin ƙofa mai lura da abin da ke shiga da abin da ke fita. Yanzu ba mai rufe ta. A watan Janairu na 2023 ma aka buɗe gadar ƙasa a wurin saboda cunkoson ababen hawa.

Da yawa daga cikinmu mukan wuce ta wannan ƙofa, ko don cin kasuwa, ko don kai mara lafiya asibiti, ko don cin rani. A ƙauye kowa ya san mu, ya san gidanmu, ya san majami'ar da muke sujada. Da zarar mun shige birni kuwa, ba wanda ya san mu. Ba fasto, ba dattijon ikkilisiya, ba shugabar zumuntar mata. A nan ne tambayar wannan nazari take tasowa: mutumin da ya raira waƙa ranar Lahadi, shi ne kuwa yake awon hatsi ranar Litinin? Ko akwai mutum biyu a cikin riga ɗaya?

An raba nazarin kashi shida. Ana iya yin sa a zumuntar mata, ko ta maza, ko ta matasa, ko kuwa a gida bayan an ci tuwon dare. Kada a yi gaggawa. Kashi ɗaya ko biyu a mako ya isa. A sa wani ya karanta ayoyin da ƙarfi domin waɗanda ba su iya karatu ba su ji, a kuma ba kowa zarafin yin magana, har da mata da matasa. Tun shekarar 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki a harshen Hausa. Bari mu yi amfani da wannan baiwa.

1. Allah yana nan ko ba mu lura ba

Karanta Farawa 28:10-22 da Zabura 139:1-12.

Yakubu yana gudu ne a lokacin. Ya cuci wansa Isuwa, ya ruɗi mahaifinsa, dare ya yi masa a daji, ya yi matashi da dutse. Ba majami'a a wurin, ba bagade, ba wanda ya yi masa wa'azi. Duk da haka a nan Allah ya bayyana gare shi. Da ya farka sai tsoro ya kama shi, domin ya gane Ubangiji yana wurin tun tuni, shi ne dai bai sani ba.

Haka muke sau da yawa. Mukan ɗauka Allah yana zaune ne a majami'a, mu kai masa ziyara ranar Lahadi, mu bar shi a can mu koma harkokinmu. Zabura 139 ta gyara mana wannan tunani. Ta koya mana cewa Allah ya san zamanmu da tashinmu, ya san maganar da ke bakinmu tun ba mu faɗa ba, duhu kuma ba ya ɓoye masa kome. Saboda haka ba ma bukatar mu jawo Allah ya zo gona ko kasuwa. Yana can ya riga mu. Aikinmu shi ne mu farka kamar Yakubu, mu san da wanda muke tare.

Dubi kuma Farawa 5:21-24. Anuhu ya yi shekara 300 yana tafiya tare da Allah bayan haihuwar ɗansa Metusela, a cikin shekarun nan kuwa ya haifi 'ya'ya mata da maza. Wato magidanci ne, da iyali, da ɗawainiya irin tamu. Bai bar gida ya tafi wani dutse kafin ya yi kusa da Allah ba.

Tambayoyi don tattaunawa:
- Sanin cewa Allah yana ganinmu koyaushe, tsoro yake ba mu ko ta'aziyya? Me ya sa?
- A wane wuri ne muka fi mantawa da Allah: gona, kasuwa, tasha, rijiya, ko cikin ɗaki?
- Akwai abin da mukan yi a birni wanda ba za mu yi a ƙauye ba?

2. Mene ne tsarki?

Karanta Littafin Firistoci 19:1-18 da 19:32-37, sa'an nan 1 Bitrus 1:13-16.

In aka ce tsarki, waɗansu sukan tuna da farar riga, ko doguwar addu'a, ko yawan azumi, ko ɗaure fuska. Waɗansu kuma suna gani abu ne na fastoci da masu bishara kaɗai. Amma a farkon wannan sura Allah ya ce wa Musa ya yi magana da dukan taron jama'a. Ya umarce su su zama da tsarki, dalilin da ya bayar kuwa shi ne, shi kansa Mai Tsarki ne. Abu mai tsarki shi ne abin da aka keɓe domin Allah. Mutum mai tsarki shi ne wanda ya san shi na Allah ne, halinsa kuma yana ɗaukar kamannin halin Ubansa.

Bari mu lura da abubuwan da surar ta lissafta bayan wannan umarni:

- A gona (aya 9-10). In ana girbi kada a share gonar ƙaƙaf. A bar gefe, a bar kala domin matalauci da baƙo.
- Wajen ƙwadago (aya 13). Kada kuɗin ɗan ƙwadago ya kwana a hannun mai gona. Wanda ya wuni yana noma, da kuɗin nan iyalinsa za su ci tuwon dare.
- Ga nakasassu (aya 14). Kada a zagi kurma don ba ya ji, kada a sa wa makaho abin tuntuɓe don ba ya gani. Allah yana ji, yana kuma gani a madadinsu.
- Wajen shari'a (aya 15). Kada a yi son kai, ko don tausayin matalauci, ko don ganin girman mai arziki.
- A baki (aya 16). Kada a yi ta yawo da tsegumi daga gida zuwa gida.
- A zuciya (aya 17-18). Kada a riƙe ɗan'uwa a zuci, kada a yi ramuwa.
- Ga tsofaffi da baƙi (aya 32-34). A girmama mai furfura. Baƙon da ya zauna a cikinmu a ɗauke shi kamar ɗan gida.
- A kasuwa (aya 35-36). Ma'auni ya zama na gaskiya, mudu ya zama na gaskiya.

Kusan duk abubuwan nan a wajen majami'a ake yin su, a ranakun aiki. Mai tauye mudu, ko mai yi wa hatsi algus, ko mai sa manyan tumatir a sama ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasan kwando, ya karya dokar tsarki ko da shi ne yake buɗe taro da addu'a. Yesu ma ya koyar a Markus 7:14-23 cewa abin da ke ƙazantar da mutum daga zuciyarsa yake fitowa. Shi ya sa Karin Magana 4:23 ta gargaɗe mu mu tsare zuciya fiye da kome. Kowannenmu sarkin ƙofa ne a bakin zuciyarsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Babban zunubi ba ya shiga rana ɗaya. Ƙaramar ƙarya ce take fara tsaga bangon, ko ɗan kwaɗayi, ko fushin da aka bari ya kwana.

Tambayoyi don tattaunawa:
- A cikin abubuwa takwas ɗin nan, wanne ne ya fi yi wa ƙauyenmu wuya?
- Har yanzu ana barin kala a gonakinmu? In an daina, wace hanya ce za ta maye gurbinta?
- In maƙwabtanmu za su kwatanta halin Allah daga abin da suke gani a wurinmu, me za su ce?

3. Misalai biyu

Karanta Kolosiyawa 3:17 da 3:23-24.

A ƙasar Faransa an yi wani mutum mai suna Nikolas Herman, wanda aka fi sani da Ɗan'uwa Lorens. Ɗan talakawa ne, ba shi da ilimi mai zurfi. Ya yi aikin soja, ya sami rauni a ƙafa, ya zama mai ɗingishi har ƙarshen ransa. Yana ɗan shekara 18 ya ga wani itace da ya kaɗe ganye sarai a lokacin sanyi, kamar yadda kuka take yi mana da rani. Ya tuna ba da daɗewa ba ganye zai sāke tohowa. Wannan ya sa ya ga ikon Allah da kulawarsa, tunanin kuma bai rabu da shi ba. Daga baya ya shiga wani gidan masu ibada a birnin Paris. Ba a ba shi aikin wa'azi ba. Madafa aka kai shi, aikin da ba ya so, ya yi shekara 15 yana dafa abinci da wanke tukwane. Da ƙafar ta matsa masa sai aka mai da shi gyaran takalma.

Abin da ya koya a madafa shi ne, ya riƙa magana da Allah a cikin aikin. Kafin ya fara yakan roƙi taimako. Yana cikin yi yakan ɗaga zuciyarsa da 'yan kalmomi kaɗan. In ya gama yakan duba yadda ya yi. In ya yi daidai ya gode, in ya yi kuskure ya nemi gafara ya ci gaba, ba tare da ya zauna yana ta cin ransa ba. Ya rasu a shekarar 1691. Bayan rasuwarsa aka tattara wasiƙunsa da hirar da aka yi da shi a wani ƙaramin littafi, wanda Kirista na ɗarikoki dabam dabam suke karantawa har yau. Mace mai daka, da mai tuƙa tuwo, da mai ɗiban ruwa, da mai kiwo, duk suna iya yin abin da ya yi.

Misali na biyu yana kusa da mu. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM, wadda ikkilisiyar ECWA ta fito daga aikinta a 1954, ta karɓi aikin jinyar masu cutar kuturta a Babbar Ruga kusa da Katsina, da Yadakunya a Kano, da Amanawa a ƙasar Sakkwato. A lokacin mutane suna gudun masu wannan cuta, har danginsu. Ma'aikatan wuraren nan, Turawa da 'yan ƙasa, sun yi shekaru suna wanke gyambo, suna ɗaure rauni, suna koyar da karatu. Yawancinsu ba wanda ya san sunansu yau. Amma ta wurin wannan aiki ne waɗansu daga cikin Hausawa masu bi na fari a yankinmu suka ji bishara. Yanzu cutar tana da magani mai warkarwa, tun 1995 kuma kyauta ake ba da shi a duniya duka. Duk wanda ya ga tabo a fatarsa wanda ba ya jin taɓi, ya hanzarta zuwa asibiti. Darasin da ya rage mana shi ne, tsarki irin na Yesu ba ya gudun mai bukata. A Markus 1:40-42 Yesu ya miƙa hannu ya taɓa mai kuturta, bai kuwa ƙazantu ba, mutumin ne ya tsarkaka.

Tambayoyi don tattaunawa:
- Wane aiki ne muke yi kullum wanda muke gani Allah ba ruwansa da shi?
- Su wane ne ake gudu a ƙauyenmu a yau? Me za mu yi musu a wannan wata?

4. Tsarki wajen rabon taimako

Karanta Ayyukan Manzanni 6:1-7, 2 Sarakuna 5:19-27 da 2 Korantiyawa 8:16-21.

Gunaguni na fari da aka rubuta a cikin ikkilisiyar Urushalima a kan rabon abinci ne. Ana tsallake waɗansu gwauraye mata a rabon yau da kullum. Manzanni ba su ce wannan ƙaramin abu ne ba. Sun sa jama'a su zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Mu lura: don rabon abinci ne aka nemi mutane cike da Ruhu Mai Tsarki. Gehazi kuwa bawan annabi Elisha ne, kullum yana kusa da aikin Allah, amma ya bi Na'aman a ɓoye ya yi ƙarya ya karɓi azurfa da tufafi, yana tsammani ba wanda ya gani. Bulus kuma, da zai kai gudummawa ga matalautan Yahudiya, bai ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Ya tafi da waɗanda ikkilisiyoyi suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi a gaban Allah ko a gaban mutane.

Mu da muke aikin taimakon gaggawa ba mu fi ƙarfin wannan jaraba ba. Mun taɓa rubuta sunayen mabukata a wani ƙauye da yamma, muna sauri mu koma kafin dare, muka dogara ga bakin mutum ɗaya. Ranar rabo sai ga waɗansu gwauraye daga bayan gari suna tsaye, sunansu ba ya cikin takarda, buhunan kuma sun ƙare. Ba mu saci kome ba, amma gaggawarmu da son sauƙinmu sun hana su abinci. Dole muka koma, muka roƙi gafararsu a gaban jama'a, muka nemo musu rabonsu. Tun daga ran nan muka gane sakaci ma rashin tsarki ne.

Ga wani misali da za ku tattauna. A ce an kawo wa ikkilisiyarku buhu 20 na masara domin iyalai 40 da suka gudo daga ƙauyukansu, wato rabin buhu ga kowane gida. Kai ne magatakardan kwamiti.

- Surukinka ya zo da dare. Shi ba ɗan gudun hijira ba ne, amma rumbunsa ya ƙare, damina kuma ta yi tsakiya. Ya ce ka sa sunansa. Me za ka ce masa? Akwai wata hanya da za ka taimake shi daga naka?
- Wanda ya samo motar da ta kawo kayan ya ce a ware masa buhu ɗaya na goro. Yaya za a yi?
- A cikin iyalan nan akwai gida 12 na Musulmi. Waɗansu a ikkilisiya sun ce kayan na masu bi ne kaɗai. Me Luka 10:25-37 da Galatiyawa 6:10 suka koya mana?
- Bayan rabo an sami ragowar tiya uku. Ba wanda ya sani sai kai. Me za ka yi?

Ikkilisiyoyin da suka yi rabo lafiya sukan bi waɗannan matakai. A karanta sunayen a bainar jama'a kafin ranar rabo, domin in an manta da wani a faɗa. A sa mata a cikin kwamiti, domin su ne suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Kada mabuɗin ɗakin ajiya ya zauna a hannun mutum ɗaya. A auna wa kowa da mudu ɗaya, a idon kowa. Bayan rabo a ba da rahoto a majami'a, har da ragowar. Waɗannan ba alamar rashin amincewa da juna ba ne. Ganuwa ce da take tsare mutumin kirki daga jaraba, take kuma tsare sunan Almasihu daga zagi.

5. Zaman tsarki a lokacin tsoro

Karanta Farawa 39, Romawa 12:17-21 da Ibraniyawa 12:14-15.

Jiharmu ta sha wuya a shekarun nan. A watan Yuli na 2018 ambaliya ta ci rayuka fiye da 40 a Jibiya. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, sai bayan kwana shida aka sako su. Mutanen ƙauyuka da dama a yankin Batsari da Safana da Jibiya sun bar gonakinsu, waɗansu sun shigo birnin Katsina ba su da kome sai tufafin jikinsu. Musulmi da Kirista duka wahalar ta shafa. A irin wannan hali mutum yakan yi tambaya, ina Allah yake?

A Farawa 39 sau huɗu aka faɗa cewa Ubangiji yana tare da Yusufu, sau biyu yana bawa a gidan Fotifar, sau biyu yana kurkuku. Kasancewar Allah tare da shi ba ta hana a sayar da shi ba, ba ta hana a yi masa ƙazafi ba. Amma ta hana wahala ta canja halinsa. Sa'ad da matar maigidansa ta neme shi, ba kowa a gidan, yana nesa da ƙasarsu, ba wanda ya san mahaifinsa. Ya ƙi, domin ya san zunubin ga Allah zai yi shi.

Tsoro yana da nasa jarabobi. Yakan sa mai bi ya koma wurin boka neman laya ko maganin bindiga, abin da iyayenmu suka ƙone sa'ad da suka karɓi bishara. Yakan sa mu yi wa wata kabila duka kuɗin goro saboda laifin waɗansu daga cikinta. Yakan sa mu yaɗa labarin da ba mu tabbatar ba ta wayar hannu, har ya jawo a taɓa marar laifi. Yakan sa matashi ya nemi mantuwa a giya ko ƙwaya. Wasiƙar Ibraniyawa ta haɗa abu biyu a aya ɗaya, neman zaman lafiya da kowa da kuma neman tsarki, ta kuma gargaɗe mu kada saiwar ɗaci ta tsiro a cikinmu. Tsare kai da iyali ba laifi ba ne, kai rahoto ga hukuma wajibi ne, neman adalci kuma daidai ne. Ramuwa ce Allah ya ce a bar masa.

Tambayoyi don tattaunawa:
- Wace jaraba ce tsoro ya fi kawo wa ikkilisiyarmu?
- Yaya za mu karɓi baƙin da suka gudo wurinmu yadda ba za su ji su kaya ne a kanmu ba?
- Akwai maƙwabcin da muka daina gaisawa da shi? Wa zai fara?

6. In mun faɗi fa?

Karanta 1 Yahaya 1:5 zuwa 2:2, Yahaya 15:1-8 da Titus 2:11-14.

Wani zai karanta duk wannan ya karai, ya ce ba zai iya ba. Gaskiya ne, da ƙarfinmu ba za mu iya ba. Ba zaman tsarki ne yake saya mana ceto ba. Almasihu ya riga ya biya da jininsa, ta wurin alheri aka karɓe mu. Muna neman tsarki ne domin an riga an mai da mu 'ya'ya. Reshe ba ya yin 'ya'ya don ya yi ƙoƙari, sai don yana manne da itacen. In an sare shi, ko ganyensa yana da kyau da safe, kafin yamma ya yanƙwane.

Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, amma Yesu ya neme shi a bakin teku ya sāke danƙa masa aiki. Saboda haka in mun faɗi kada mu ɓuya kamar Adamu. Mu faɗi laifin da sunansa a gaban Allah. In mun cuci wani mu je wurinsa, in akwai abin mayarwa mu mayar, kamar yadda Zakka ya yi a Luka 19. Sa'an nan mu tashi mu ci gaba. Mu kuma yi hankali da girman kai. Wanda yake ƙidaya zunuban maƙwabcinsa don ya ji shi mai tsarki ne, ya koma layin Bafarisiyen nan na Luka 18. In ɗan'uwa ya yi tuntuɓe, a maido shi da tawali'u, a asirce tukuna, ba a bakin rijiya ba.

Abin da za mu iya farawa a wannan mako

Maƙwabtanmu Musulmi sukan ajiye aiki sau biyar a rana domin salla, ko a kasuwa ko a gona, ba sa jin kunya. Daniyel ma, da yawan aikin mulki a kansa, yakan durƙusa sau uku a rana, maƙiyansa kuma sun bincike aikinsa ba su sami ha'inci ko sakaci ba. Sannu sannu ba ta hana zuwa. Kowa ya zaɓi abu biyu ko uku daga cikin waɗannan:

- Da asuba, kafin mu yi magana da kowa, mu gode wa Allah mu miƙa masa ranar.
- Mu haɗa addu'a da aikin da muke yi kullum: sa'ad da muka ɗauki fartanya, ko muka hura wuta, ko muka jefa guga a rijiya.
- Mu riƙe aya ɗaya a ka kowane mako. Wanda ya iya karatu ya koya wa wanda bai iya ba.
- Kafin mu auna hatsi, ko mu faɗi farashi, ko mu ba da labarin wani, mu dakata kaɗan mu tuna wanda yake tsaye tare da mu.
- Mu biya ɗan ƙwadago a ranar da ya yi aiki. In akwai bashin da muka yi shiru a kansa, mu je mu yi magana.
- Da dare iyali su taru ko na minti 10 ne, a karanta, a yi addu'a, a nemi gafarar juna kafin a kwanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
- Kowa ya nemi aboki ɗaya mai tsoron Allah, namiji da namiji, mace da mace, wanda zai iya tambayarsa gaskiyar yadda makonsa ya wuce.

Ranar da tafiya ta sāke kai mu birni, motar ta iso Ƙofar Kwaya, bari mu yi 'yar gajeriyar addu'a a zuci. Ba wanda ya san mu a cikin taron nan, amma Ubangijin da muka yi wa sujada a ƙauye ya riga mu shiga.

Addu'a

Ya Ubanmu Mai Tsarki, mun gode domin ba ka bar mu mu kaɗai ba, ko a gona, ko a kasuwa, ko a hanya, ko a gudun hijira. Ka gafarta mana lokatan da muka yi kamar ba ka nan. Ka tsarkake zuciyarmu, da bakinmu, da hannunmu, da mudunmu. Ka ba mu aminci a kan abin da aka danƙa mana domin mabukata. Ka kawo salama a jiharmu, ka ta'azantar da waɗanda suka rasa nasu, ka komar da waɗanda suka gudu gidajensu lafiya. Ka cika mu da Ruhunka, domin maƙwabtanmu su ga halinka a cikinmu su girmama ka. A cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.